Taƙi Guda Da Aka Rage Wa Karan Sha'ir

A shekarar 1956, a yankin Morabiya na ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, wani masanin inganta iri mai suna Josef Bouma ya ɗebi tsabar wani sha'ir da ake kira Valticky, ya haska mata hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Valticky iri ne mai daraja a wurin masu sarrafa malt, wato hatsin da aka jiƙa ya tsira aka busar, sai dai yana da aibi guda: dogo ne, kuma da ya ji taki sai ya kwanta. Aka shuka tsabar da aka haska, aka shuka 'ya'yanta da jikokinta, ana dubawa ana zubarwa, domin galibin abin da irin wannan haske ke haifarwa nakasa ce. A cikin tarin nan ne aka tsinci wata shuka da ba ta kai uwarta tsawo ba, amma zangarniyarta lafiya lau. A 1965 aka yi mata rajista da sunan Diamant. Ta gaza Valticky da kimanin santimita 15, wato ko taƙi guda bai cika ba, amfanin da take bayarwa kuma ya ɗara na uwar da kusan kashi 12 cikin 100.

Daga wannan shuka ɗaya aka fitar da ire-iren sha'ir sama da 150. Mafi shahara a cikinsu shi ne Trumpf, wanda Jamus ta Gabas ta fitar a 1973, ya ƙetara har Ingila inda aka san shi da Triumph. Yau idan ka bi salsalar sha'irin da ake shukawa bayan hunturu a Turai, da wuya ka yi nisa ba ka ci karo da jinin Diamant ba.

Mu dai sha'ir ba cimarmu ba ce. Yawancinmu a karatu muka san sunansa, a hadisin zakkar fid da kai inda aka ambaci sa'i na dabino ko sa'i na sha'ir, sai kuma a jikin kwalbar lemon malt. Amma a duniya shi ne hatsi na huɗu bayan masara da alkama da shinkafa, ana girbe tan miliyan 140 zuwa 150 nasa a shekara. Rasha ce kan gaba, sai irin su Faransa da Jamus da Ostareliya da Kanada. Mafi yawansa dabbobi ke ci, wani kaso a yi malt da shi, a tsaunukan Habasha da Maroko da Tibet kuma abincin mutane ne na yau da kullum. Dalilin da ya sa na ga ya kamata mu san labarin gajartar karansa shi ne, an saba ba da shi kamar lissafin firamare: a gajarta kara, hatsi ya ƙaru. Da wannan lissafin ake tallata gajeren iri a ko'ina. Wanda ya bi abin da ya faru da sha'ir daki-daki zai ga ciniki ne aka yi, an karɓa an kuma biya, kuma ko an ci riba ko an faɗi ya danganta da ƙasar da aka shuka irin.

Duk wanda ya taɓa noman alkamar rani ko shinkafa ya san baƙin cikin kwanciya. Ka zuba yuriya, gona ta yi shar, zangarniya ta fara nauyi, ka ba da ruwa da yamma, iska ta taso cikin dare. Gari na wayewa ka tarar da gona kamar garken shanu ya yi birgima a ciki. Karan da ya kwanta ganyensa na danne juna, rana ba ta ratsawa, ƙwaya ta tsaya da cika. Danshi ya taru a ƙasa, fumfuna ta kama, wani lokaci ƙwayar ta tsira tun tana jikin zangarniya. Ranar girbi kuma aiki ya ninka, ko da lauje ko da inji. Karan sha'ir ya fi na alkama rauni, saboda haka wannan masifa ta fi cin sa. Dalilin kwanciyar kuwa a fili yake: ɗaura dutse a kan doguwar sanda ka kafa ta a laka, sannan ka ɗaura shi a kan gajeruwa, ka ga wadda iska za ta fara kayarwa.

A da can tsawo ba aibi ba ne a Turai. Taki kaɗan ne, dogon kara na danne ciyawa, kuma ana bukatarsa don shimfiɗa wa dabbobi da ciyar da su. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu takin zamani ya yi araha, maganin ciyawa ya zo, injin girbi ya shigo. Sai ya zama abin da ke hana manomi ƙara taki ba kuɗi ba ne, tsoron kwanciya ne. Nan gajeren kara ya samu kasuwa. A tsofaffin ire-iren sha'ir, idan ka auna duk abin da shuka ta tara a saman ƙasa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne hatsi, saura kara da ganye. A na zamani hatsin ya kai kusan rabi. Jimillar abin da shukar ke tarawa ba ta ƙaru sosai ba, rabon ne ya sauya.

To me ke sa kara ya yi tsawo tun farko? Amsar daga gonar shinkafa ta fito. Manoman Jafan sun daɗe da sanin wata cuta da ke sa dashen shinkafa ya zarce 'yan'uwansa, ya yi zalau-zalau, ya ɗashe, ya faɗi ba tare da ya yi ƙwaya ba. Suna ce mata bakanae, wato wawan dashe. A 1926 Eiichi Kurosawa ya nuna cewa wani sinadari ne da fumfunar ke fitarwa yake miƙar da shukar, a 1935 kuma Teijiro Yabuta ya raɗa masa suna jibaralin. Daga baya aka gano cewa kowace shuka na ƙera nata jibaralin, da shi take miƙa gaɓoɓin karanta. Yadda abin yake, a cikin shuka akwai wani furotin da ke riƙe da girma kamar burki, masana na kiransa DELLA. Idan jibaralin ya zo sai a rushe burkin, gaɓa ta miƙe. Ke nan hanya biyu ce ta gajarta kara: ko a rage jibaralin ɗin da shuka ke ƙerawa, ko a sa burkin ya ƙi sakuwa ko da jibaralin ya zo.

Alkamar da masanin inganta iri Norman Borlaug ya yi aiki da ita a Meziko, wadda ta gaji gajartarta daga irin Jafan mai suna Norin 10, ta hanya ta biyu ta bi. Burkinta a maƙale yake, ko ka fesa mata jibaralin ba za ta kula ba. Shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 kuwa ta farko ta bi, jibaralin ɗin ne ya yi mata ƙaranci. Diamant ma haka. Idan ka fesa wa ƙaramin tsironsa jibaralin, cikin 'yan kwanaki zai miƙe kamar uwarsa. Wannan bambanci na da nauyi a sha'ir fiye da a alkama, saboda malt. Matar da ke jiƙa hatsi ta lulluɓe shi har ya tsira don kunun zaƙi ta san tsiro na kawo zaƙi. Abin da ke faruwa a cikin ƙwayar shi ne, ɗan tsiron na aika jibaralin zuwa wata siririyar fata da ke kewaye da garin ƙwayar, ita kuma ta saki sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Sana'ar malt gaba ɗayanta a kan wannan saƙo take tsaye. Sinadarin da ke miƙa kara shi ne ke tayar da ƙwaya daga barci, don haka duk wanda ya taɓa shi a wuri ɗaya sai ya duba abin da ya motsa a ɗaya wurin.

Ƙwayar gadon da ta sauya a Diamant, wato ɗan umarnin da shuka ke gada daga iyayenta, ana kiranta sdw1, ko denso. Tana kan kuromosom na uku daga cikin guda 7 na sha'ir, wato kundayen da ƙwayoyin gado ke jere a cikinsu, kuma aikinta ƙera wani sinadari, GA20ox2, wanda ke ɗaya daga cikin matakan ƙarshe na haɗa jibaralin. 'Yar'uwar wadda ta gajarta IR8 ce. Masu bincike a Ostareliya da Sin suka bi diddiginta, a 2017 suka bayyana ainihin abin da hasken Bouma ya yi: haruffa 7 kacal ya goge, a cikin littafin gadon sha'ir mai haruffa sama da biliyan 5. Da waɗannan bakwai suka faɗi sai karatun sauran layin ya rikice, sinadarin ya daina fitowa daidai. Abin da ya hana shukar zama wada gaba ɗaya shi ne tana da wasu ƙwayoyin gado 'yan gida ɗaya da ke ɗaukar wani ɓangare na aikin. Wannan matsakaiciyar gajarta ita ake nema. An sha samun sha'ir wada na gaske a gonakin gwaji, amma zangarniyarsa ma wada ce, ba ta da amfani ga manomi.

Ba a Diamant kaɗai wannan ƙwayar gado ta taɓa lalacewa ba. A Denmak ta sauya da kanta a wani iri da aka kira Abed Denso, sauyi mai sauƙi a bakin ƙofarta. A Norwe hasken eksire ya share ta ɗungurungum daga wani iri mai suna Jotun. Jinin Jotun ya bazu a Arewacin Amurka, amma a sha'irin dabbobi ya tsaya, masu malt ba su karɓe shi ba. Na Diamant ne ya shiga malt ya zauna. Wuri ɗaya aka taɓa, amma makomar ta bambanta.

Yanzu ga inda abin ya fi ɗaukar hankalina. Manomi a ko'ina ya san ƙa'ida guda: iri mai jinkiri shi ne dogo, mai sauri shi ne gajere. Dalili kuwa, muddin shuka ba ta ɗauki ciki ba tana ta ƙara ganye da gaɓa, da ta fid da kai tsawo ya ƙare. A sha'ir ma haka ne galibi. Akwai ƙwayoyin gadon da ke riƙe da agogon fure, kamar Ppd-H1 mai auna tsawon yini, da dangin Vrn masu hana sha'irin hunturu fure sai ya sha sanyi. Sha'ir tsawon yini ke gaggauta shi, saɓanin dawarmu da ke jira sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Duk abin da ya gaggauta wannan agogo yakan rage tsawo a kan hanya. Amma sdw1 ta karya ƙa'idar: shukarta gajeruwa ce, kuma mai jinkiri. Tana rage tsawo da santimita 10 zuwa 20, tana kuma jinkirta fid da kai da 'yan kwanaki, sau da yawa uku zuwa biyar.

Don ka gane dalili, tsaga karan sha'ir da reza lokacin da yake bai wuce tafin hannu ba. Can ƙasa, kusa da gindi, za ka ga wani ɗan abu fari-fari, ɗan mitsitsi ƙwarai, mai layi-layi. Zangarniyar ce tun tana jaririya. Kafin ta ga rana sai gaɓoɓin da ke ƙarƙashinta sun miƙe ɗaya bayan ɗaya sun tura ta sama ta cikin kuben ganye, ita ma tana girma a hanya. Duka biyun, turawar da girman, jibaralin suke ci. Idan ya yi ƙaranci tafiyar na yin nawa. Sha'ir kuma yakan yi barbararsa da kansa tun zangarniya na cikin kube, lokacin da gashinta kawai ya leƙo, saboda haka ranar da manomi ya ga kai ya fito, an riga an gama yanke yawan ƙwayar da zai samu.

Akwai hujja ta ɗaya gefen, daga Suwidin. A Svalöf, inda Åke Gustafsson da abokan aikinsa suka daɗe suna haska tsaba, an fitar da iri biyu daga uwa ɗaya mai suna Bonus: Pallas mai ƙarfin kara a 1958, da Mari mai saurin nuna a 1960. Mari bai damu da tsawon yini ba, fure kawai yake yi, shi ya sa aka iya noma shi can arewa inda damina gajeruwa ce ƙwarai. Shekaru da dama bayan haka aka gano cewa ƙwayar gadon da ta lalace a cikinsa, ELF3, ta agogon shuka ce, kuma sha'irin da ya rasa ta jibaralin yake ƙerawa fiye da kima. Da aka ba irin wannan shuka maganin da ke toshe jibaralin, sai saurin furen ya ragu. Yawansa na gaggauta fure, ƙarancinsa na jinkirta shi. Tsawo da lokacin fure igiya ɗaya ta ɗaure su.

Kwana uku ko biyar ba komai ba ne a ido. A gona kuwa su ne ke raba riba da asara, kuma a nan ne lissafin amfani ke shigowa. Amfanin hatsi abu uku ne aka ninka: yawan zangarniya a fili, yawan ƙwaya a kowace zangarniya, da nauyin kowace ƙwaya. Sha'ir mai ɗauke da sdw1 yana ƙarami yakan baje a ƙasa maimakon ya miƙe tsaye, ya yi 'ya'ya da yawa daga gindi. Jinkirin nan na ba 'ya'yan lokaci su kama, kuma da yake kara ba ya cin abinci da yawa, zangarniya na samun rabo mai tsoka. Ga sha'ir mai layi biyu, wanda zangarniyarsa ba ta wuce ƙwaya 20 zuwa 30 ba, yawan zangarniya shi ne jari. Wannan ita ce ribar. Kuɗin da ake biya kuma a abu na uku yake fitowa: ƙwayar kan yi ƙanƙanta.

Ƙanƙantar ƙwaya ba ƙaramin abu ba ne ga mai sayar wa kamfanin malt. Idan mota ta kawo kaya, ana zura bututu a ɗebi samfur, a zuba a rariyar ƙarfe mai dogayen ramuka masu faɗin milimita 2.5, a girgiza. Abin da ya tsaya a sama shi ne cikakkiyar ƙwaya. Idan siraran da suka zube suka yi yawa, kayan ya tashi daga na malt ya koma na dabbobi, farashi ya faɗi nan take. Manomi na iya cika buhuna fiye da na bara, ya koma gida da kuɗi ƙasa da na bara.

A Jamus ko Denmak ko ƙasar Cek, inda bazara ke da sanyi-sanyi da ruwa jefi-jefi har zuwa girbi, shuka na da sararin cika duk ƙwayoyin da ta ɗauka. Jinkiri a can alheri ne, ƙarin kwanaki ne na tara abinci. Shi ya sa Diamant da zuriyarsa suka yi abin da suka yi. Kai wannan ƙwayar gado kudancin Ostareliya, labari ya sauya. Can ana shuka ne a farkon sanyi, wajen watan Mayu, ruwa na sauka a hunturu, sannan daga Oktoba zafi da fari su rufo. Wanda ya yi fure da wuri sanyin dare ya ƙona shi, wanda ya makara zafi ya tarar da ƙwayarsa tana ruwa-ruwa. Tagar da ke tsakani ƙarama ce. Gwaje-gwajen can sun nuna sdw1 na ƙara amfani a wuraren da ruwa ke da yawa, a wuraren fari kuma takan rage shi, ta ƙara yawan siraran ƙwayoyi. Baudin, irin malt na Yammacin Ostareliya mai ɗauke da gadon Diamant, yankunan da ke da matsakaicin ruwa zuwa mai yawa aka ware masa. A shekarar fari ma gajeren iri kan ƙara gajarcewa har zangarniya ta kasa fita daga kube gaba ɗaya.

Saboda haka idan aka tambaye ni ko sdw1 na ƙara amfani, ba zan amsa ba sai na ji wace ƙasa, wane ruwa, wane taki. Ina ganin kuskure ne babba a kira ta ƙwayar gadon yawan amfani. Aikinta rage jibaralin ne. Abin da ragin zai haifar, sama da ƙasa ke yanke shi.

Akwai wata hanyar gajarta da ba ta bi ta jibaralin ba, kuma labarinta ya ƙara tabbatar da haka. A 1956, shekarar da Bouma ya yi nasa, a Biritaniya an haska wani iri mai suna Maythorpe da hasken gama, ɗan'uwan eksire, aka samu Golden Promise. Gajere ne, a tsaye cak, gashin zangarniyarsa gajere, ƙwayarsa ƙanana, kuma yana nuna da wuri. Wannan saurin ne ya sa ya mamaye Sikotland a shekarun 1970 zuwa farkon 1980, domin can kaka na zuwa da ruwa da iska, wanda ya riga girbi ya tsira. Masu yin barasar wuski na ƙasar suka rungume shi, duk da cewa cutar farar fumfuna na cin sa sosai. Ƙwayar gadonsa, ari-e, tana kan kuromosom na biyar, kuma a 2016 aka tabbatar cewa ita ce HvDep1, mai hannu a tsarin isar da saƙo a cikin shuka. Masu binciken sun gwada ta shekara da shekara, suka ga a wani yanayin ta ƙara amfani, a wani ta rage. An kuma lura Golden Promise ya fi uwarsa jure gishirin ƙasa, abin da ba wanda ya nema lokacin da ake haskawa. Abin sha'awa, wannan gado na Sikotland mai ruwa shi ne ya je ya yi amfani a busassun yankunan Ostareliya, a ire-ire irin su Hindmarsh da La Trobe, saboda gajartarsa ba ta zuwa da jinkiri. Su ma da nasu kuɗin: kuben da ke raka tsironsu ya huda ƙasa gajere ne, ba sa son a binne su da zurfi, kuma da yake a tsaye suke ba sa danne ciyawa.

Gabashin Asiya kuwa tun kafin a san hasken eksire suna da nasu, wanda ya faru da kansa. Sunansa uzu, ya bazu a Jafan da Koriya da Sin. A 2003 masana a Jafan suka gano harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon da shuka ke jin wani sinadarin girma da ita, wanda ake kira burasinositiroid. Matsalar uzu zafi. A sanyi gajartarsa daidai wa daida, da zafi ya ƙaru sai ta zarce, shukar ta tsugune. Ya dace da sha'irin da ke girma cikin hunturu, amma bai yi nisa a wajen yankinsa ba.

Wurin da ya fi taɓa zuciyata a wannan labari shi ne Siriya. A gefen hamadarta, inda ruwan shekara ba ya kai milimita 300, alkama ba ta yi, sha'ir ne kaɗai hatsin da ke jurewa, kuma shi ne abincin tumaki, ƙwayarsa da karansa. Manoman can na da tsofaffin irinsu, Arabi Abiad mai farar ƙwaya da Arabi Aswad mai baƙa, wanda aka fi shukawa a inda ya fi bushewa. Damuwarsu kishiyar ta Turai ce. A shekarar fari sha'ir ba ya kai gwiwa, har injin girbi ya kasa kama shi, sai dai a tsuguna a tumɓuke da hannu ko a saki tumaki su cinye. Salvatore Ceccarelli, wani masani ɗan Italiya da ya yi shekaru a ICARDA, cibiyar binciken noman busassun yankuna, kusa da Halab, ya dage cewa irin da aka zaɓa a tashar bincike mai ruwa da taki ba lallai ya yi nasara a gonar talaka ba. A shekarun 1990 shi da abokan aikinsa suka fara kai ire-iren gwaji gonakin manoma, manoman su zaga su zaɓa da kansu. Cikin abubuwan da ake nema har da tsawo a lokacin fari, kuma don samun sa sai da aka koma ga sha'irin daji, kakan na gida, aka haɗa jini da shi. A lokacin da Turai ke murnar ta rage taƙi guda, ga wasu na neman yadda za su ƙara shi.

Wannan ba baƙon zance ba ne a wurinmu. Kaura da farafara dogaye ne, wasu su haura mita 3, kuma karan nan ba shara ba ne: darni ne, rufi ne, makamashi ne, abincin dabbobi ne a tsakiyar rani. Agogon furensu a ɗaure yake da ƙarshen damina, shi ya sa ƙwayarsu ke nuna bayan ruwa ya ɗauke. Gajeruwar dawa mai sauri na da wurinta, musamman inda damina ta gajarce ko inda ake da taki da kasuwa, amma idan ta nuna cikin ruwa fumfuna kan baƙanta ta, tsuntsaye kuma su taru a kanta tun da ita kaɗai ta nuna a unguwa. Manomin da ya ƙi gajeren iri sau da yawa lissafi ya yi, kuma lissafin nasa ya haɗa da abubuwan da ma'aunin tashar bincike ba ya aunawa. Na fi son mai kawo sabon iri ya faɗi duka biyun, abin da za a samu da abin da za a rasa, kamar yadda aka san su a sha'ir.

Turai ma ba ta gama da maganar ba. Dogaro da gado ɗaya a miliyoyin kadada abu ne da ke sa masana tunani, ganin bazara na ƙara zafi kuma fari na riskar hatsi lokacin cikar ƙwaya, wato daidai yanayin da jinkiri da ƙaramar ƙwaya ke zama nauyi. Manoman can da yawa har yanzu suna fesa magungunan rage tsawo a kan gajerun ire-iren, abin da ke nuna kwanciya ba ta ƙare ba. Masu inganta iri na gyara ne ta hanyar haɗa sdw1 da ƙwayoyin gadon saurin fure don su cinye jinkirin, da zaɓar masu manyan ƙwaya daga cikin zuriya, kuma tun da an san haruffa bakwai ɗin nan, ana iya gane shukar da ke ɗauke da su daga ɗan guntun ganye tun tana sati biyu, ba sai an jira ta girma ba.

Wasu kuma sun koma rumbu. Udda Lundqvist ta shafe rayuwar aikinta a Svalöf tana tattara sha'irin da haske da sinadarai suka sauya, tana rubuta siffar kowanne, har suka haura 10,000. Yau suna ajiye a taskar iri ta ƙasashen arewacin Turai, NordGen, da ke Alnarp a Suwidin. Da yawansu gajeru ne da aka duba sau ɗaya a shekarun 1950 da 1960 aka ajiye, domin a lokacin ba a da hanyar sanin abin da ya sauya a cikinsu. A 2014 masu bincike a ɗakin gwaji na Carlsberg da ke Kofanhegan suka bi irin waɗannan tsofaffin gajeru, suka tarar da dama daga cikinsu a hanyar burasinositiroid suka samu tangarɗa, hanyar da uzu ya bi, amma a wurare dabam-dabam, kuma ba duka ne zafi ke tsugunar da su kamar uzu ba. Kowanne sai an mayar da shi cikin jinin iri na zamani, a shuka shi a ƙasa mai ruwa da mai fari, shekara da shekara, a auna tsawonsa, a rubuta ranar da ya fid da kai, a girgiza ƙwayarsa a rariya.